Littafin da Baba Ya Bari a Aliero

Wata safiya a watan Satumba na 1991, gero ya fitar da kai, jihar Kebbi kuwa ko wata guda ba ta cika ba, Baba ya ɗaure akwatinsa a bayan babur ya nufi Birnin Kebbi. Malamin gona ne, an kira shi da abokan aikinsa can su taimaka a kafa sabon ofis, kuma ba wanda ya san ranar dawowarsu. Ni Rifkatu da ƙanena Ishaya muka bi babur da gudu har bakin titi muna ɗaga hannu. Da muka dawo muka tarar da Mama a tsaye cikin ɗaki, ta zuba wa Littafi Mai Tsarki ido, wanda Baba ya bari a kan taga naɗe cikin tsohon ɗankwali. Mama ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya karantawa.

Mu mutanen ƙasar Zuru ne, aiki ne ya kawo Baba Aliero. A unguwarmu mu kaɗai ne Kirista, coci kuwa sai Jega, kuma ba kowace Lahadi ake samun mota ba. Shi ya sa Baba yakan ce, "Cocin Jega na Lahadi ne, na tabarma na kullum ne." Agogonmu shi ne Malam Umaru ladan, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Da ya kira sallar asuba Baba zai kunna fitilar ƙwai, ya shimfiɗa tabarma, ya karanta mana, ya bi mu da tambayoyi, mu rufe da waƙa. Ni rabin karatun da gyangyaɗi nake jinsa. Ishaya kuwa labarin Dauda da Goliyat kawai yake jira, don ya fita da danƙonsa ya addabi tsuntsayen gonar gero. Daga nan sai ɗebo ruwa, shara, sakin awaki, a sha koko a ruga makaranta.

Bayan tafiyar Baba gidan ya yi tsit. Ladan zai kira, Mama ta yi mana gajeriyar addu'a, mu koma mu miƙe ƙafa. Mu yara daɗi muka ji, amma Mama har ramewa ta soma yi. Tsoronta kada mu tashi da sunan Kirista kawai, ciki babu komai. Ana nan sai wata safiya Inna Balki, matar ladan, ta leƙo ta kan katanga da muciya a hannu.

"Maman Rihkatu, lahiya dai? Kwana biyu ban jiya karatunku ba."

Mama ta ce ai mai karatun ba ya nan.

"To ɗiyag ga ba ta zuwa boko? Mi an amfaninshi? Ki ba ta littahin mana!"

Washegari Mama ta kwance ɗankwalin nan ta ɗora mini littafin a cinya. Ina aji uku a lokacin, nauyinsa kaɗai ya isa ya tsorata ni. Na sa yatsa ina jan kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. In na maƙale a wani dogon suna, Mama ta ƙarasa mini, don kunnenta ya daɗe da sanin hanya. Ishaya ya yi ta ƙyalƙyala dariya, Mama ta harare shi, sannan ita ma ta fashe. Haka muka ci gaba kullum, ni ido, ita kunne. Kafin a gama dashen albasa bakina ya sake, har nakan tsaya in tambaya me ya sa Yesu ya yi kaza, mu yi ta juya maganar a hanyar rijiya. In ƙawayena a makaranta suka tambaye ni abin da ke cikin littafinmu, sai in ba su labari ba tsoro ba faɗa. A watannin nan ne bangaskiya ta tashi daga ta Baba ta zama tawa, kuma na ji daɗin haka ƙwarai.

Baba ya dawo lokacin cirar albasa, gari duk ya ɗauki ƙaurinta, manyan motoci sun yi layi ana lodi. Da asuba ladan ya kira, Baba ya fito ya tarar an riga an shimfiɗa tabarma, fitila na ci. Na miƙa masa littafinsa da hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi Mama, ya turo mini shi.

"A'a, Malama Rifkatu, ci gaba daga inda kuka tsaya."

Na karanta har ƙarshen sura ban yi tuntuɓe ba. Baba ya share ido da bakin riga, ya ɗaga waƙa da irin muryar da ta tashi kajin unguwa. Daga bayan katanga muka ji Inna Balki tana dariya tana cewa, "Yau kam mai gida ya komo!"

Yanzu coci na ƙarshen layinmu, littafin ma yana cikin wayar kowa a gidana, amma sai na yi da gaske nake tara yarana su zauna da safe. Baba da Inna Balki duk sun riga mu gidan gaskiya, ina kewarsu sosai. Littafin yana wurina, bangonsa ya saɓule. Har yau in na ji kiran asuba, hannuna taga yake nufa.