Kwanon da Na Ware wa Baba

Shekarar da soja suka koma bariki, ciwon shawara ya shiga gidan hayar da muke zaune a Agege. Ɗaki goma sha biyu, kicin ɗaya, rijiya ɗaya. Kafin mu ankara ya kwantar da yaran maƙwabta uku, sannan ya kama surukina, Baba, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Idanunsa suka koma kamar garin ɗorawa.

Akwai wata nas a gidan, 'yar kudancin Kaduna, wadda ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta tare ni a kicin ta ce, "Maman yara, ki riƙa tafasa ruwan sha. A wanke hannu da sabulu, ban da tsoma hannu cikin roba ɗaya. Kuma ki ware wa tsoho kwanonsa da kofinsa."

Faɗa da baki ba wuya. Tun zuwan Baba Legas tire ɗaya yake ci da jikokinsa huɗu, yana tsawata wa mai babbar loma. Da na ajiye masa kwano shi kaɗai, ya dubi kwanon, ya dube ni.

"'Yata, a garinmu kuturu ake yi wa haka."

Kwana biyu tuwo yana dawowa yadda na kai shi. Maigida ya zame, wai ba zai iya da mahaifinsa ba. Tsoro ya kama ni sosai. In na ƙyale tsoho, yunwa ta ƙarasa shi. In na mayar da tire, na jefa yarana.

Sai na yi dabara, ina jin kaina mai wayo. Na sayo kwanonin roba kala-kala, kowa da nasa, har maigida, na ce dokar asibiti ce ta hau kan kowa. Baba ya ga ƙaton ɗansa riƙe da ɗan koren kwano, ya yi dariya har da tari, ya ci abincinsa.

Allah ya ba shi lafiya, yarana ba wanda ya kamu. Ranar da nas ta ce ya warke, da kansa ya sa na ɗauko tire, ya yi bisimilla yana jira. Yaran suka zo kowa rungume da kwanonsa. Ƙaramar ta ce, "Mama, zuba mini nawa a nan, ba na so a taɓa mini."

Na tilasta masu suka zauna, amma a ɗarare suke ci. Mako bai cika ba Baba ya ce in mayar masu da kwanoninsu, kada a takura wa yara. Har ya koma Arewa shi kaɗai yake cin tuwonsa. Abin yana damuna har yau, don ciwon ya riga ya tafi a lokacin, ni ce na ware shi.