Ruwan da Ke Kwashe Mini Mutane

A layinmu na Agege muna da ƙungiyar sa-kai mai yasar kwata, kuma ni aka ɗora wa riƙonta. Da rani ba na neman mutane, su suke nemana. Yawancinsu 'yan ci-rani ne, masu dako da turin baro. Ranar Asabar sai su zo da shebur suna tsokanar juna, mu kwashe leda da robobi har azahar.

Da zarar ruwa ya sauka a Arewa, waya ɗaya daga gida ta isa mutum ya ɗaure kayansa. Na yi lallashi, na sayi koko da ƙosai, na sa liman ya yaba musu a masallaci, duk a banza. Wata shekara har faɗa na yi wa wani Bazamfare da ya fi kowa ƙwazo. Na ce, "Yanzu da ake bukatarku, yanzu za ku gudu?"

Ya ce, "Baba, in ban yi shuka makon nan ba, me iyalina za su ci baɗi?"

Na ƙyale shi ya tafi. Mu haihuwar Legas kuwa kowa da uzurinsa, wannan kasuwa, wancan ciwon baya. Kwata ta toshe, ruwa ya shigo har tsakar masallaci. Muna tsaye ƙafafu a jiƙe, liman ya roƙa wa manoma damina mai albarka. Na ɗaga hannu na ce amin.