Ƙuri'ar da Kaka Ta Kai

Duk sanda motar 'yan siyasa ta biyo bakin kanal, babbar magudanar ban-ruwan nan, da lasifika tana ruri, sai in ajiye abin da ke hannuna. Ba sauraronsu nake ba, na daina wannan tuntuni. Kakata nake tunawa, wadda ta haifi babana, da wata Asabar cikin damina, shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, aka kuma ce mata ma za su yi zaɓe.

Kafin nan mata a wajenmu ba sa jefa ƙuri'a. Kakana ne ya yi, tun ba a haife ni ba, lokacin mazaɓarmu tana da faɗi, ba a yanyanka ta kamar yanzu ba. Yana bayan jam'iyyar da manya ba sa so. An ɗaure shi a kanta, ya fito da tabon bulala a gadon baya. Sau biyu ya yi zaɓe, sau biyu ɗan takararsa ya faɗi, sai soja suka zo aka rufe maganar. Daga baya aikin ruwa na gwamnati, na noman rani, ya iso mana. Aka auna gonaki, aka tumɓuke tsamiyar da ke tsakiyar gonarsa, aka sa shi ya dangwala yatsa a takarda, aka ba shi wani fili can bayan kanal. Bai ga girbin alkamar farko ba. A ciwon ajalinsa ya ce in har zaɓe ya dawo, a kai masa tasa ƙuri'ar. Ina jin da ɗansa yake, amma kaka ce a zaune a wurin, ita ta ɗauki saƙon.

Yadda ake zaɓe kuwa, daga bakinsa ta haddace: a ba ka takarda, ka shiga bayan labule, kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta, ka jefa a naku. Ana saura kwana biyu, babana ya tara matan gidan, ya zana alamomi a ƙasa da tsinke, ya shafa baƙin tukunya a yatsa, yana nuna musu cewa yanzu akwati ɗaya ne, dangwale ake yi a gefen alamar da kake so. Kaka tana tankaɗe, ko kallo bai ishe ta ba. Da ya matsa mata, ta ce wanda aka daka saboda zaɓe shi ya koya mata, ba yaron da ta goya ba. Dangwale kuma, ta ce, wanda aka yi a gidan nan ya isa. Babana ya yi dariya, ya ce malaman zaɓe sa nuna mata a can.

Ranar zaɓen an yi ruwa da sassafe. Kaka ta ɗauro zanen saƙinta mai ƙamshin adaka. Ƙafafunta sun kumbura, don haka ni na riƙe mata hannu, muka bi gaɓar kanal muna tsallake laka har firamare. Layin mata daban yake. Malamin zaɓen saurayi ne, ya yi mata bayani a gurguje, ita kuma ta kawar da kai. Ta shiga, ta fito, ta jefa.

A hanyar dawowa matan suna ta nuna wa juna yatsu, duk sun yi shuɗi. Kaka ta ce ita akwati ɗaya ta tarar, ta san kuwa namu ne, sauran sun ji kunya sun kwashe nasu. Aka yi dariya, an ɗauka wasa take. Ni hannunta yana cikin nawa. Tun rasuwar kakana ba ta ƙara sa lalle ba, babu abin da zai ɓoye. Na juya babban yatsan, na gan shi fes. Farar takarda ta jefa.

A zaure na sami babana na gaya masa.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa, Baba."

"To, kin gama faɗa."

Muna shiga muka tarar da ita a ƙofar ɗakin kakana, inda a lokacin ake ajiye buhunan taki. Ba ta gan mu ba. Ta dafa bango ta ce, "Malam, na kai maka. Sai ka huta."

Akwai sauran zaɓuɓɓuka a ranakun Asabar da suka biyo baya, kowanne dama ce ta gyara. Babana ya yi ta lallaɓa ta ta koma, ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta ce saƙo sau ɗaya ake kai shi. Sau biyu ina matsa mata ƙafa na buɗe baki, sai in ga yadda fuskarta ta saki, abin da ban taɓa gani ba, in haɗiye. A wannan karon ɗan takarar kakana ya ci. Duk wadda ta shigo barka sai kaka ta ce mata, "Da tamu a ciki." Ta rasu lokacin kwasar tumatir, tana nan a kan haka.

Har yau ban yanke ba: jinƙai muka yi mata ko zalunci? Ta tafi da ranta fari, amma saƙon bai isa ba, mu biyu muka sani, ɗaya kuma ya bi ta.

Yanzu na wuce shekarunta na wancan lokacin. An sake wa mazaɓar iyaka, an sake jam'iyyu, har na'ura aka kawo mai duba yatsa da fuska. Matan yanzu wasu sai an raba taliya suke fita. Zaɓen da ya wuce jikata ta zauna za ta nuna mini sabon tsari a waya. Na ji maganar kaka ta taso mini har wuya, kalma da kalma. Na danne ta. Na matso kusa da yarinyar na ce, "A hankali. Sake nuna mini."