Yadda Haɗa Magani Biyu Ya Kusa Tsayar Mini Da Zuciya

Assalamu alaikum jama'ata. Wata biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambayar ina mai cincin ta shiga, da waɗanda suka yi ta kira ba a ɗaga ba, ku yi haƙuri. Jinya na yi.

Yau na tsaya da ƙafafuna na soya dubulan ban nemi kujera ba, shi ne na ce bari in ba ku labari.

Da zazzaɓi da ciwon ciki abin ya fara. Na je asibiti a nan Azare, aka auna jini, aka ce taifot ne. Likita ya rubuta mini antibayotik na kwana goma. Na fara sha, zazzaɓi ya sauka.

Ana kwana na huɗu sai ƙaiƙayi ya taso mini a gaba. Mata sun san abin da nake nufi.

Kunya ta hana ni komawa asibiti. Likitan namiji ne, kuma suna gaisawa da maigidana. Sai na shiga kemis, na ce a ba ni maganin sanyi. Mai shagon ya miƙo kwalin kafso, ya ce guda ɗaya ake sha. Bai tambaye ni ko ina kan wani magani ba, ni ma ban faɗa ba.

Na sha ɗaya. Washegari ban ji sauƙi ba, na ƙara. Haka na yi ta sha har kwana biyar, tare da na taifot ɗin. Wannan laifina ne, ba na wani ba.

Sai tashin zuciya, sai gudawa, bakina ɗaci kamar na tauna maɗaci. In na miƙe jiri ya kwashe ni. Zuciyata kuma sai ta yi kamar ta tsaya, can ta ɗauki gudu. Duk na ɗora wa taifot.

Ranar wata Alhamis da hantsi ina suyar cincin na wani biki a Gadau, yayata Zuwaira tana yanka mini kwaɓin. Abin da na iya tunawa shi ne na ɗaga matsami. Sai farkawa na yi a ƙasa, ana yayyafa mini ruwa, Yaya tana ta salati. Ashe wajen kaskon na yi luu zan faɗa, ta ture shi da hannunta. Man ya ƙone ta a tsintsiyar hannu.

A asibiti aka sa mini ruwa, aka manna mini wayoyi a ƙirji don auna bugun zuciya. Likitan da ke bakin aiki ya daɗe yana kallon takardar da injin ya fitar.

Ya ce, "Hajiya, wannan bugun bai yi mini ba. Ban da na taifot, wane magani kike sha?"

Maigidana yana tsaye a kaina. Na ce babu.

Wata nas, Sista Rahila, ta dube ni. Da likita ya fita sai ta ce wa maigidana, "Alhaji, ɗan ba mu wuri." Ta ja labule, ta zauna a bakin gadon.

"'Yar'uwa, ni mace ce kamarki. Me kika sha?"

Na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Kwalin ma yana cikin jakata. Ta karɓa ta fita da sauri.

Likita ya dawo, bai yi mini faɗa ba. Ya ce kowanne cikin magungunan nan biyu yana iya taɓa bugun zuciya, to ga shi na haɗa su, na kuma zarce ƙa'ida. Gudawar ta zubar da wani gishiri na jiki da zuciya ke aiki da shi. Ya ce irin wannan suman, wani ba ya tashi.

Nan ne tsoro ya shige ni sosai. 'Ya'yana uku kawai nake gani.

Aka tsayar da magungunan duka biyu, aka canja mini na taifot. Kwana uku ina kwance, kullum a ɗebi jini, kullum a manna wayoyi. Gwajin hanta ma ya ɗan hau. Gwaje-gwajen nan sun ci kuɗi nesa ba kusa ba fiye da abin da zan kashe da na koma asibiti tun farko.

A rana ta uku likita ya ɗaga takardar yana murmushi. "Alhamdulillahi, zuciyar ta dawo daidai." Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Ƙaiƙayin kuwa, ashe antibayotik ɗin ne ya jawo shi, kuma abu ne da ke faruwa da mata da yawa. Maganin sakawa aka ba ni, cikin 'yan kwanaki ya wuce.

Da muka dawo gida maigidana ya ce, "Shekara sha ɗaya muna tare, ƙaiƙayi ne za ki ɓoye mini?" Muka yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa.

Na ɗauki makonni kafin ƙarfi ya dawo. Makon jiya aka sake gwajin zuciya da na hanta, duk lafiya lau.

Na gode wa Allah. Yaya Zuwaira, Allah Ya saka miki da Aljanna. Sista Rahila, Allah Ya kare ki da iyalinki. Maƙwabta da suka riƙe mini yara, da ku da kuka yi ta addu'a, na gode.

Ba na ce kada a taɓa haɗa magungunan nan ba. Akwai lokacin da likita ke haɗa su, amma yana sane, yana lura. In kina kan magani, kada ki ƙara wani sai kin faɗa, ko a kemis ne. In an ce guda ɗaya, ɗaya ne. In kika ji zuciyarki na tsalle ko jiri na ɗibar ki, ki tafi asibiti a ranar, da kwalayen duk abin da kika sha.

In kuma kunya ce, ki nemi nas mace ki raɗa mata. Sun ji abin da ya fi naki.