Hotunan da Ba a Wanke Ba

'Yata ta fari ba ta cika shekara biyu ba ƙyanda ta ɗauke ta. Hotonta na takarda ba ni da ko ɗaya. Duk suna cikin kwamfutar ƙanin mijina, a shagonsa na ɗaukar hoto a unguwar Congo-Russia. In na ce ya wanke mini, sai ya ce, "Anti, ina za su je? Ai takarda ce ke lalacewa."

Ina goyon ta biyu aka ce kwamfuta ta ƙi tashi. Mijina yana hanyar kudu da lodin kabeji daga kasuwar Farin Gada. Na bi ƙaninsa har Gada Biyu wurin mai gyara, ba wanda ya gayyace ni.

Mai gyaran Bayarabe ne mai barkwanci. Ya kara kunne jikin akwatin. Ni ma ina ji daga benci: ƙas, ƙas, kamar ɓera a buhun masara. Ya ce faifan ciki da ke riƙe da komai ne ya ji rauni, amma yana da wani faifan gyara da ake tayar da kwamfuta da shi.

Ta tashi kuwa, sai dai ba da fuskar da na sani ba. Baƙin allo, farin rubutu, da wani ɗan layi yana ƙyafta ido. Ya buga umarni, ta mayar masa da amsa. Ya sake, amsar nan dai. Karatuna bai wuce firamare ba, amma har na haddace tsawonta.

"Oga, me take cewa?"

"Madam, ya ce bai gane magana na ba. Taurin kai gare shi kamar ɗan acaɓa."

"Ko dai faifan naka jabu ne?" in ji ƙanin mijina.

"Jabu? To ka kawo wanda ka saya mini a Landan!"

Suka yi dariya. Oga ya cire faifan gyaran, ya goge a riga, ya mayar, ya canza harafi a umarnin, ya kashe ya kunna. Amsar ba ta canza ba. Daga baya ya ce bari ya je ya aro wani faifan wurin abokinsa. "Kada kowa ya taɓa," ya ce, ya fita.

Ƙanin mijina ya yi ta duban titi. Lokacin cike takardun makaranta ne, masu hoton fasfo suna can suna tafiya shagon wani. Ya ja kujera.

"Ya ce kada a taɓa," na ce.

"Anti, kwamfutarsa ce ko tawa?"

Ya kwaikwayi abin da ya ga Oga yana bugawa, ta ƙi. Sai ya buga wata kalma da ya taɓa ji ana faɗi a shagon intanet, fomat. Wannan karon ta yi masa tambaya.

"Kin gani? Ta fara jin magana!"

Ya danna mata eh. Lambobi suka fara hawa a hankali. Na ce Alhamdulillahi, har na sauko da yarinya na ba ta nono, raina fari.

Da Oga ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da faifai a hannu. Bai dubi mai kwamfutar ba, ni ya duba.

"Madam, sannu. Wannan shara ne. Ya share komai."

Ya kashe ta, ya ce zai gwada tsamo abin da ya rage. Amma wahalar sharar ta ƙarasa faifan cikin, ko juyawa bai ƙara yi ba. Aka sa sabo, shago ya ci gaba da aiki.

Da mijina ya dawo na gaya masa, ya ce, "Ita mai hoton ma mun yi haƙurinta, balle hoto." Ya nemi a zuba masa abinci.

Yanzu ƙaramar ta girma, takan tambaye ni da wa yayarta ta yi kama. Ina cewa da ke. Wallahi ban sani ba ko gaskiya nake faɗa mata.