Tukunyar da Aka Tono a Banɗakinmu

Jama'a, yau saura kaɗan a kira mini 'yan Hisba!

Muna gyaran kicin da banɗaki a gidanmu na gado a Jahun, sai diga ta ci karo da tsohuwar tukunya a binne. Magini ya yi tsalle yana salati.

"Malam, sammu ne! Mun bar aikin!"

Maƙwabta suka taru, ana raɗa wai ni ke binne asiri. Sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ta leƙa, ta yi tsaki.

"Mabiyiyar yaron nan ce. Ni na binne ta ranar da aka haife shi!"

Na ce, "A mayar da ita, a zuba siminti. Mai tsoro ya tafi!"

Gwaggo ta dubi taron.

"Ku taku a bishiya aka rataye?"