Jarumin Aro

Wata Asabar ce a watan Rajab, shekarar da nake aji biyar a makarantar 'yan mata ta unguwarmu, Ruwais, a birnin Jidda. Abla Su'ad, malamarmu ta Larabci, 'yar Masar, ta ce kowace yarinya ta kawo labarin wani jarumi daga ƙasar kakanninta. 'Yar Hadramawa ta kawo nata, 'yar Bukharawa ta kawo, har 'yar Jawa mai shiru-shiru ta yi abin kai. Ni kuwa, wadda ake kira Takruniyya, wato 'yar baƙaƙen Afirka ta Yamma, in ana so a ɓata mini rai, na fito gaban allo da wanda na tabbata zai binne nasu duka. Na ba su labarin Tanko, ɗan sarkin Kano, wanda aka ƙwace gadon sarautar ubansa. Na faɗa musu yadda ya shiga jirgin ruwa daga bakin tekun Kano, ya bi tsibiri bayan tsibiri, ya kashe dodo, 'yar wani sarki ta gan shi ta haukace a kansa, ta bar ubanta da fadarsa ta biyo shi. Aji ya yi tsit, ni kuma kaina ya fara kumbura. Sai Abla Su'ad ta cire tabarau ta ce, "Ya Hauwa, tun yaushe Kano ta yi teku?" Sannan ta bayyana wa aji cewa wannan tatsuniyar mutanen Yunan ce, wato Girkawa, an dai saka mata hula da babbar riga. Dariyar da aka yi a ranar har yau ina jin ta a kunnena. Ta ce ta ba ni zuwa Asabar mai zuwa in kawo na gaskiya.

Ni ina zan san Kano ba ta da teku? A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi babana, kuma a tunanina kowane gari na kirki da teku a gefensa. Labarin kuwa na Kawu Idi ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana girki a jirgin dakon kaya na Girkawa. Bayan la'asar mukan hau saman soro mu kewaye buhun gyaɗa muna ɓarewa, iskar teku tana kaɗa shanya a kanmu, shi kuma ya miƙe ƙafa da kofin shayi yana zuba mana jarumai. Ashe gyara su yake yi kafin su shigo gidan Musulmi: gumakansu ya mai da su aljanu, sunayensu masu karya harshe ya mai da su Tanko da Dela. Da na zo masa da kuka, dariya ya yi har shayi ya sarƙe shi. Ya ce, "Labari ai ba shi da iƙama, takardar zama ƙasa, ya binti. Duk gidan da ya shiga nasa ne." Na so in watsa masa ɓawon gyaɗar nan a fuska.

Babana ne ya ji hayaniyar ya ce ina neman jarumi a wurin Idi alhali ga mahaifiyarsa a zaune. Kaka Baraka ke nan, tsohuwar da ke suyar gyaɗa a cikin yashi tun safe, mu ƙulla mata a leda ta kai bakin titi. Kowa a gidan ya san da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, ita da kakanmu marigayi, sun yi shekaru a hanya, sun yi aikin auduga a Sudan kafin su ƙetare ruwa. Baba ya ce abin da ya sani kaɗan ne: sun bar gida ba su san juna ba, sun iso Makka mata da miji. Abin da ya faru a tsakani, ita kaɗai ta sani. Zuciyata ta yi fari ƙal. Ga soyayya, ga tafiya, ga wahala, kuma babu malamar da za ta ce na aro.

Satin nan Kaka ta ga biyayyar da ba ta taɓa gani ba. Na tankaɗe mata yashi, na hura gawayi, na tsefe mata kai, na matsa mata ƙafa, na ƙi fita wasan 'yar carafke ko da ƙawayena suka yi ta kira daga lungu. Ita kuma bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin raƙuma masu taurin kai, da yadda ake tuƙa tuwo a kan duwatsu uku iska tana watsa wuta, da matar da ta haihu a bakin rijiya ta goya ɗanta ta bi ayari. Amma duk lokacin da zance ya doshi kakana, sai ta ja mayafi ta ce "shi Malam", ta karkata zuwa wani abu. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, balle su zauna suna yabonsa a gaban yara, ko da ya daɗe a ƙasa. Har ƙanena da ya ci sunansa, Mai Sunan Malam take ce masa. Takaici ya ishe ni, na ce mata matan labarin Kawu a ƙofar fada suke shelar wanda suke so, ana yaƙi a ƙone gari a kansu. Ko ɗaga kai ba ta yi daga kaskon ba. Ta ce, "Marasa kunya ke nan. Shi ya sa kowa ya san labarinsu."

Ranar Juma'a da yamma, mu biyu kawai a saman soro, ban ma tambaye ta ba. Tana juya gyaɗa, idonta a kan yashin, sai ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta ce akwai ranar da zazzaɓi ya kayar da Malam, madugu ya ce ayari ba zai jira mutum ɗaya ba, a kwantar da shi a gindin bishiya a bar masa ruwa. Babu mai ja da madugu. Ita a lokacin budurwa ce, tare da baffanta take tafiya. Ta ce, "Sai na sauke kayana." Daidai nan Baba ya yi sallama daga matakala, ya dawo daga masallaci. Shi ne ɗanta na fari, wanda ko kallonsa sosai ba ta yi saboda kunya. Ta gyara mayafi ta ce in miƙo mata faranti, gyaɗar za ta ƙone. Na roƙe ta bayan ya sauka, na yi kuka, na yi fushi na ƙi cin abinci. Ta ce ita ba ta ce komai ba.

Washegari na tsaya a gaban allo. Da na ga dama da na ƙarasa labarin da ƙarya, amma na riga na ɗanɗani abin aro, kuma wannan ya fi ƙarfin in yi masa kwaskwarima. Na ce wa Abla Su'ad ba mu da jarumi. Ta ce ba komai, in zauna. Wannan "ba komai" ta fi dariyar makon jiya ciwo.

Ina sakandare Kaka ta rasu. A zaman makoki na ritsa Inna Saude, tsohuwa ta ƙarshe da ta rage daga ayarinsu, na tambaye ta abin da ya faru bayan an sauke kayan. Ta dube ni tsaf ta ce, "Abin da ta rufe da ranta, ni zan buɗe shi a bayan idonta?" Ita ma haka ta tafi da shi.

Yau 'ya'yana Hausarsu ta ji ce, amsa da Larabci suke yi. A waya suke kallon jaruman Girkawa, sun san wanda ya auri wa, da wanda ya ci amanar wa, da sarkin da ya rasa gadonsa saboda mace. Ni kaina ina kiran mijina da sunansa a gaban mahaifiyarsa, babu wanda ke ƙifta ido. Na girma na gane cewa shirun Kaka ba rashin so ba ne, amma ganewar ba ta rage mini haushi ba. Mutanen da ba namu ba sun bar wa duniya ƙaryarsu har da sunayen dawakansu, tawa kakar kuwa ta yi na gaske ta bar ni da rabi. Har yau kakana yana kwance a gindin bishiyar nan, ban san yadda ta tashe shi ba.